Tantin Masu Gudawa a Rusairis

Hadizatu: Alo? Wa ke magana?

Raihana: Gwaggo, ni ce Raihana. Ina wuni?

Hadizatu: Raihana ɗiyar ƙanena? Lafiya lau. Ya gajiya, ya zaman gudun hijira?

Raihana: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Managil? Ya audugar hawasha, gonar taku?

Hadizatu: Tana nan tana jiran hannu. Tun da aka fara harbi a Damazin ban yi barcin kirki ba. An ji ɗuriyar mijinki?

Raihana: Tahir yana gonar riɗi, hanya ce a rufe. Mu muna bayan Rusairis, inda munazzama ta kafa tantuna.

Hadizatu: Mi? Ɗaga murya, shabakar waya ba kyau.

Raihana: Na ce masu agaji, likitocin waje.

Hadizatu: Yauwa, su nake son ji. Da gaske babbarsu mace ce?

Raihana: Mace ce, doguwa, da wando. Rana ta maida ta jawur.

Hadizatu: Ikon Allah. Ta bar miji da 'ya'ya ta zo? Mi take ci?

Raihana: Kisira, wainar dawar nan, na ga tana ci, da cokali. Kuma duk mai shiga tantin masu amai da gudawa sai ya taka wani ruwa mai wari, a fesa masa a hannu.

Hadizatu: Ke ina kika san warinsa? Kin shiga ne?

Raihana: Wannan yaron ne ba lafiya. Shekaranjiya na kai shi, an sa masa ruwa a jijiya.

Hadizatu: Ɗan farin naki? Shi ne kika tsaya ba ni labarin cokali? Kina gefensa yanzu?

Raihana: Ina waje, bakin shingen waya. Uwa kaɗai suke bari ta kwana ciki.

Hadizatu: To ke mece ce?

Raihana: Gwaggo, mai fassararsu ya tambaye ni da Larabci, a gaban mutane, wai ɗana ne? Na sunkuyar da kai na ce yaron gidanmu ne. Ya ce sunansa? Kin san sunan baban Tahir aka sa masa. Na yi shiru.

Hadizatu: Wannan kam tarbiyya ce. Su a garinsu ba a kunyar ɗan fari?

Raihana: Ashe babu. Matan nan kiran nasu suke yi, har da sumba a bainar jama'a. Mai fassarar ma ɗan Khartum ne, bai san mu ba. Ya ɗauka a hanya na tsince shi, har godiya ya yi min.

Hadizatu: Godiya kuma. To su waɗanda aka tsinta, ya suke yi da su?

Raihana: Suna ɗaura musu farin zare a hannu, su ɗauki hoto. Ana kula da su sosai, wallahi. In sun ji sauƙi sai mota ta kai su wani gari, inda ake neman iyayensu.

Hadizatu: Wane gari?

Raihana: Ban sani ba. Na ji ana cewa Sinja, na ji ana cewa Madani.

Hadizatu: Shi yana da zaren?

Raihana: Yana da shi. Ya fara shan kunu tun jiya. Gwaggo, tsoro nake ji. Shi ya sa na kira, ko za ki sa maigidanki Kawu Salihu ya zo ya yi musu bayani.

Hadizatu: Daga Managil? Ana tare motoci a hanya? Yaushe motar tasu ke tashi?

Raihana: Ga ta nan sun buɗe bayanta. Sun fara fito da yaran.

Hadizatu: Raihana, saurare ni. Ni gwaggonki na ɗauke miki kunyar yau. Wanda ya yi miki gori, ki turo min shi. Je ki faɗa musu.

Raihana: Bakina ba zai iya ba. Surukata tana nan zaune cikin mata, tana kallo.

Hadizatu: Ita ma jikanta ne, jira take ki buɗe baki. Kin hango shi?

Raihana: Daktora, babbar likitar tasu, ita ce ta rungumo shi. Yana waige-waige.

Hadizatu: To wa kike tsammani yake nema?

Raihana: Daktora, tsaya. Tsaya, don Allah. Abdulmuttalib! Sunansa Abdulmuttalib, ni na haife shi...

Hadizatu: Alo? Ta tsaya? Raihana, motar ta tsaya? Alo?