Abokin da Ya Taɓa Wayar Boiler

A ɗakin jiran GP, wato likitan unguwa, a Whalley Range can ƙasar waje, Aminullahi na rungume da 'yarsa mai tari, idonsa jawur. Wata dattijuwa ta ji yana lallashinta da Hausa, ta matso.

"Sannu, ɗana. Sanyi ne ya kama ta?"

"Shi ne, Mama. Boiler ɗinmu mai ɗumama gida ya mutu tun makon jiya."

"Landlord, mai gidan da kuke haya, bai turo mai gyara ba?"

"Ya turo. Mutumin ya ce an taɓa wayar, ba zai kunna ba sai mai lasisi ya sake haɗa ta bisa doka, da makunni daban da ƙaramin fis."

"Wa ya taɓa?"

"Wani abokina ne. Makunnin ya lalace, ya haɗa wayar da soket ɗin kicin. Ina jonawa ke nan sai..."

Dattijuwar ta sauke numfashi.

"Uwar yarinyar ta san abokin nan?"

"Ba ta sani ba. Landlord take zagi kullum."

"Ina da hitar ɗumama ɗaki da ba na amfani da ita, ka zo ka ɗauka. Amma kada abokinka ya taɓa ta. Uwar yarinyar ce za ta kunna."