Dutsen Gugar Bitrus

Gyaɗar shekarar na sayar gaba ɗaya, har da irin da na ware, na yi kuɗin mota. Innarku ta ɗinke min ragowar a ƙugun wando. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in na isa in kira wayar maƙwabta. Haka na bar Wuro Patuji.

Yara, ku ajiye injin wutar nan tukuna. Ban ce ba zan ara muku ba. Ku zauna.

Gadi na yi a Legas, gidan wani mai sayar da tayoyi. Ɗakina a bakin get, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Sunana Buba, amma a gidan nan ba wanda ya taɓa kiran sa. "Aboki, buɗe." "Aboki, rufe." Akwai babban janareto a bayan gida, ni nake zuba masa mai, amma wayarsa ba ta iso ɗakina ba. Na yi wa maigidan magana.

"Oga, zafi."

"Ba daga Arewa kake ba? Ai kun saba."

Ban sake ba.

Sai na sayi nawa, wannan da kuke riƙe da shi. Can suna kiran sa ai-fas-mai-neba, wai na fi maƙwabcina. Ni wa na fi? Maƙwabcina katanga ce. Bayaraben da ya sayar min ya nuna min lamba a jikinsa, ɗari shida da hamsin. Ya ce kowane kayan wuta yana da tasa lambar a gindi ko a baya, in riƙa haɗa su, kada su kai wannan. Ƙwan fitila, fanka, rediyo, cajin waya, duk zai ɗauka. "Amma abin da yake yin zafi, Malam, kada ka kawo shi kusa."

Wata rana wani mai guga ya tsaya a get da ƙullin kaya a ka. Ya dube ni, ya ce, "Jam na?" Gaisuwar gida, da Fulatanci. Sai da na dafa ƙarfen get ɗin. Bitrus ke nan, mutumin Gude.

Daga nan duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya biyo. In tayar da inji, mu zauna a benci, fanka tana juya kai, ta hura shi ta hura ni. Shi ke surutu, ni ina ji. Ko kogi ya kawo ruwa bana, wa ya mutu, wa ya sayi babur. Yana ce min sarkin get, ina ce masa mai ƙona rigar mutane.

Gaskiya kuwa yana ƙonawa. Dutsen gugarsa na gawayi ne, tartsatsi yana huda musu leshi. Shi ya sa ya sayi na lantarki. Ran nan sai ga shi da rana tsaka, da kayan wata amarya, ba wuta a layinsu.

"Buba, tayar min da injinka."

Na juya dutsen. Dubu da ɗari biyu. Na ce, "Ba zai ɗauka ba."

Ya yi dariya. "Wannan ɗan abin? Fankarka ta yi uku nasa. Ga ta nan har da wuya."

"Ba girman jiki ba ne. Ci ne."

"Allah sarki. A Wuro Patuji haka ake hana aron fartanya?"

Kun san gida. Mutum ya zo aron kayan aiki, ba a ce masa a'a, ko garma ce. Na ja igiya. Ya jona. Injin ya canza murya kamar bijimin da aka ɗora wa kayan da suka fi shi, ya yi nishi, ya yi tari. Bitrus ya ce zai saba. Riga ɗaya ya goge. Sai wari, sai hayaƙi, sai shiru.

Ya naɗe wayar dutsen a hankali. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Sai na zo."

Kun kuma san sauran. Wanda ya karya fartanyar aro ba ya taka ƙofar mai ita sai da sabuwa a hannu. Bitrus ba shi da halin sabon inji.

Ni a makon na kai injin wurin mai gyara, aka sake naɗa masa waya a ciki. Wuta ta dawo. Bitrus bai dawo ba. Na kira, ba ya ɗauka. Na je layinsu, aka ce ya tashi. Ran Lahadi sai in tayar da inji don ko yana wucewa ya ji ƙara. Fanka ta hura ni, ta juya ta hura benci.

Haka shekaru suka wuce har gwiwa ta gaza, na dawo gida. Jaka ɗaya, sai inji.

A kasuwar Mubi na ji ya koma noma. Na ɗaure injin a bayan acaɓa har Gude. Na same shi yana ɓare masara, kansa fari fat. Ya miƙe, ya rasa inda zai sa ido.

"Buba. Injin fa?"

"Yana aiki."

"Ƙarya."

Na sauke, na ja igiya, na jona ƙwan fitila da rana tsaka. Ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya ce wa matarsa ta kawo benci.

To, juyo min gindin butar shayin nan taku ta lantarki. Karanta. Dubu biyu? Ku je ku hura gawayi. Fitila da fanka kawai za ku jona. Kuma ku dawo min da shi kafin Lahadi. Bitrus yana zuwa.