Kundin Mma Raesetja

A ɗakin jiran ofishin ɗaukar ɗalibai na wata jami'a a Polokwane, Mma Raesetja na zaune rungume da ƙaton kundi. Wani dattijo a gefenta ya leƙo.

"Mma, takardun ɗanki ne?"

"Nawa ne, Ntate," ta amsa, wato baba a yarensu. "Shekara ashirin da uku ina koyar da ƙananan yara a unguwarmu. Ga darussan da na tsara, ga hotuna, ga wasiƙun iyaye. In malamai suka gamsu, za a ɗauke mini karatun shekarar farko."

"Ba jarrabawa? Digiri ta bayan gida ke nan!"

"Bayan gida? Wata takwas ina rubuta abin da na iya da yadda na koye shi. Yau mutum uku za su titsiye ni da tambayoyi. Masu duba makarantu sun ce in kawo shaida ko su rufe mini aji."

"In suka ce bai isa ba fa?"

"Sai in tambaye su wa ya gano kurumtar yara huɗu kafin likita."

Dattijon ya matso kusa da ita.

"To, wanda ya shekara talatin yana gyaran injuna a mahaƙar ma'adinai fa? Wani abokina ne. Ko hoto ɗaya ba shi da shi."

"Abokin naka ya koya wa wasu aikin?"

"Mutum goma sha bakwai! Biyu ma yanzu su nake gaisarwa da 'ranka ya daɗe'."

Mma Raesetja ta danne dariyarta, ta miƙa masa biro.

"Rubuta sunayensu, Ntate. Daga nan ake farawa."