Fenti Mai Sheƙi

A wani shagon fenti a garin Falun, wata dattijuwa na nuna wa mai shago hoton silin kicin ɗinta, na katako mai layi-layi. Wani mai fenti da ke bayanta ya leƙo.

"Baiwar Allah, kar ki sayi fenti mai sheƙin nan. Duk wata karkata sai ya tona ta."

"Wa ya tambaye ka?"

"Shekara talatin ina sana'ar nan. Dubi haɗin! Sayi marar sheƙi ki rufa wa kafintan asiri. Wai makaho ne ya buga?"

"Makaho ne."

"Wasa nake..."

"Ni ba wasa nake ba! Mijina ne, Ingvar. Ciwon suga ya cinye masa ido, da lalube ya buga, wata biyar. Yanzu ya rasu, 'ya'yana na cewa a ɓalle, kai kuma a ɓoye. So nake duk wanda ya zauna shan kofi ya ɗaga kai ya gani!"

Mutumin ya daɗe yana kallon hoton.

"To shafa kaɗan-kaɗan, da burushi, kar fenti ya cike layukan."

"Na ce ban tambaye ka ba!" Ta fizgi jakarta, sai kuma ta tsaya. "Wane irin burushi?"