Bayanan Gwajin da Ya Faɗi

A ɗakin jiran likita, wata budurwa na duba kwamfutarta tana tsaki. Dattijon da ke gefenta ya ce, "'Yata, lafiya?"

"Baba, manhaja nake rubutawa, na'ura ke gwada ta. Gwajin ya faɗi, ta goge bayanan abin da ya faru, ga shi gobe zan miƙa aikin. Yanzu nake saita ta, ta riƙa ajiyewa in an samu kuskure."

"In ba kuskure fa?"

"Sai ta goge. Wa zai duba?"

Ya yi dariya. "Halin matata ke nan, laifina kaɗai take riƙewa. Tun da ta rasu, ba mai gaya min inda na kauce."

Budurwar ta ɗago kai. "Allah ya ji ƙanta, Baba."