Tsohon Mai Gudu

A bakin wani shagon shayi a unguwar Mansur, can ƙasar Larabawa, bayan Magariba, Abdulhadi lebura ya ƙura wa wayarsa ido, sai wani dattijo da bai sani ba ya leƙo.

"Samari, me ake dubawa haka?"

"'Yan wasana, Baba. Ƙwallon Amurka ce. Su buga a can, a ƙirga mini maki a nan. Yau wasan ƙarshe ne, kuma da Isha'i ake rufe zaɓen waɗanda za su buga mini."

"To, me ya tsaya maka?"

"Tsohon ɗan wasana mai gudu da ƙwallo. Shi ya kawo ni wasan ƙarshen nan, amma gwiwarsa ta gaji, ga sabon yaro a benci. Wai ƙanƙara ke sauka a filin yanzu, fara tas. Har mafarki nake ina tsaye a gefe cikin rigar sanyi, ina ba su umarni."

"Ka tambayi tsohon?"

"Bai ma san da ni a duniya ba."

"Ni ma kafilina, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, bai tambaye ni ba da zai sallame ni," in ji dattijon, yana shafa gwiwarsa. "Jibi zan koma Maraɗi."

Abdulhadi ya daɗe yana duban sunayen biyu. Ya bar tsohon mai gudun a fili, ya kife wayar, ya ce a ƙaro wa Baba shayi.