Ƙwayar da Iya ta ƙi sha

Uwaisu: Salamu alaikum. Yaya Abdulgani?

Abdulgani: Wa alaikumus salam. Uwaisu, kai ne? Ya Agege?

Uwaisu: Lafiya lau. Ina wuni, Yaya? Ya Mile 2, ya aiki?

Abdulgani: Da godiya. Ya ƙarin haƙurinmu?

Uwaisu: Alhamdu lillahi. Allah ya ji ƙan Baba.

Abdulgani: Amin. Iya fa? Ɗaga murya, tireloli ke wucewa.

Uwaisu: Ai maganar Iyar ce. Likita ya ce kitse ya taru a jininta, irin na Baba. Ya rubuta mata ƙwayar da Baba yake sha, ta ƙi.

Abdulgani: Ta ƙi? A kan me?

Uwaisu: Mastura maƙwabciyarmu ce ta ce mata wai da kitsen alade ake yi, wai kitse ke narkar da kitse. Iya ta ce ba za ta shiga kabari da alade a ciki ba. Har kuka ta yi, wai haka muka bar Baba ya tafi da shi.

Abdulgani: Subhanallahi. To ka je ka tambaya mana.

Uwaisu: Na je. Na bar teburina na nama a abbatuwa, na hau motar danfo har asibiti. Mai ba da magani ta zaunar da ni, ta ce asalinsa daga funfuna ne.

Abdulgani: Daga Funtuwa?

Uwaisu: Funfuna, Yaya. Irin wadda ke fitowa a tsohon burodi. Daga wata irinta aka fara samo shi. Wanda aka ba Iya kuwa a masana'anta ake haɗawa, a cuɗa da gari kamar sitaci a dunƙule. Ta duba kwalin a gabana, babu alade.

Abdulgani: Shi ke nan, sai ka gaya wa Iya.

Uwaisu: Na gaya mata. Ta dube ni yadda take duban ruwan sama ta taga, ta ce bari Abdulgani ya faɗa, shi ya yi boko.

Abdulgani: Uwaisu...

Uwaisu: Ni na yi jinyar Baba. Ni na riƙe kansa wajen wankan gawa. Har yau da wuƙarsa nake aiki, ƙotar ta lotsa daidai yatsunsa. Kai ka zo ranar sadaka cikin farar shadda, Iya ta tashi ta shimfiɗa maka dardumarsa. Ni ko taka ta ban taɓa yi ba.

Abdulgani: Ka san oga ba ya sakina, ga gosulo a hanya...

Uwaisu: Ban ce laifinka ba ne. Kawai in ta kira sunanka, muryarta tana yin laushi. Nawa sunan sai in za ta aike ni.

Abdulgani: Ban san abin yana cinka haka ba.

Uwaisu: Bar shi, katina ya kusa ƙarewa. Ka riƙe: funfuna, masana'anta, babu alade. Kada ka ce ni na gaya maka.

Abdulgani: Ai gara ta san kai ka wahala.

Uwaisu: In ta sani ba za ta sha ba. Ga ta nan a tsakar gida. Iya, Yaya ne.

Iya: Abdulganina? Ɗan albarka, ka tuna da ni?

Abdulgani: Iya, ina wuni? Maganin nan babu alade a ciki. Asalinsa funfuna ce, yanzu kuma a masana'anta ake yi. Babu komai a kan Baba. Don Allah ki sha.

Iya: Alhamdu lillahi, ka cire mini dutse a ƙirji. Dama na ce kai za ka sani. Ka ci abinci kuwa? Abdulgani? Alo? Uwaisu, wayar nan taka ta mutu.

Uwaisu: Katin ne ya ƙare, Iya. Ga ƙwayar, ga ruwa.